Fanshon dattijon maƙocina ya tsaya cak tun 2010

Jama'a yau rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri dani, abin ya kwana biyu yana cina ne.

Akwai wani dattijo Bature ɗan Ingila da muke katanga ɗaya dashi a nan Calgary ta ƙasar Kanada, shekararsa 80, ni Baba nake ce masa kuma ya saba har amsawa yake. Dusar ƙanƙara ce ta haɗa mu. Shekarar da na tare a layin na fito da sassafe zan tafi aiki na ganshi riƙe da shebur yana ta fama da ƙofar gidansa, hannu na rawa, numfashi na fita kamar hayaƙi, na karɓi shebur ɗin na ƙarasa masa, toh tun daga ranar in na share ƙofata sai in share tasa, shi kuma duk Lahadi ya kira ni shan shayi.

A wajen shan shayin nan na fara lura da wani abu. In zai haɗa min nawa sabon ƙullin ganyen shayi yake ɗaukowa daga kwali, nasa kuwa akwai wani ɗan faranti a gefen taga da yake shanya wanda yayi amfani dashi da safe, shi zai sake tsomawa a ruwan zafi, shayin ya fito fari sol kamar ruwan wanke kofi. Hita ɗin gidan a ƙasa can, suwaita biyu a jikinsa ga bargo a kan gwiwa, a garin da sanyi ke kaiwa ƙasa da sifili da digiri 30. Da farko na ɗauka maƙo ne irin na tsufa, Allah ya yafe min. Sai ranar da ya ɗauko min takardunsa na fansho.

Mutumin nan mai gyaran famfo ne a wani gari a arewacin Ingila, tun yana ɗan shekara 16 yake aiki ana yankar masa kuɗin inshorar ƙasa a albashi har ya kai 65. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a Kanada, a 2010 ya tattara ya biyo ta don kar ya mutu shi kaɗai a ɗaki sai wari ya sanar da maƙota. A lokacin cikakken fanshon gwamnati irin nasu na tsohon tsari fam 97.65 ne a sati. Yau ma fam 97.65 yake karɓa. Abokinsa da suka yi aiki tare suka yi ritaya shekara ɗaya amma shi ya zauna a gida, a Afrilun 2025 nasa ya kai fam 176.45 a sati. Aiki ɗaya, yanka ɗaya, bambancin kawai wannan ya bi 'yarsa.

Ga yadda abin yake don waɗanda basu sani ba. Birtaniya duk watan Afrilu tana ƙara fansho, ana duba uku ne a ɗauki wanda ya fi yawa, hauhawar farashi ko ƙaruwar albashi ko kashi 2.5 cikin ɗari. A 2023 kaɗai kashi 10.1 aka ƙara, 2024 aka ƙara 8.5. Amma ƙarin nan in ka bar ƙasar ba ko'ina yake binka ba. In kana ƙasashen Tarayyar Turai ko Suwizalan ko Amurka ko Filifin ko Turkiyya ko Jamaika zai bika. In kuwa Kanada ka koma ko Ostireliya ko New Zealand ko Afirka ta Kudu ko Indiya ko Pakistan, ko Najeriya da Gana, to adadin da kake karɓa ranar da ka tafi shi zaka ci gaba da karɓa har ranar da za a saka ka a rami. Mutum wajen 450,000 ne ke cikin wannan halin, kuma mafi yawansu a ƙasashen Kwamanwel suke, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ƙasashen da kullum ake ce mana 'yan uwa ne. Ka duba bakin ruwan Niagara, tsoho biyu 'yan Ingila ɗaya na zaune a tsallaken Amurka ɗaya a tsallaken Kanada suna hango juna, wancan ana ƙara masa duk shekara wannan ba a ƙara masa ko sisi. Wani abin da ya fi ɓata min rai, in Baba ya je Ingila ziyara ya sanar da hukuma, na 'yan satittikan da yake can za a biya shi cikakken kuɗin yau, yana hawa jirgi ya dawo sai a mayar dashi 97.65. Kenan an san haƙƙinsa ne ai.

Yanzu bari in faɗi gaskiya don kar wani yace na mayar da mutumin waliyyi. Ni da Baba bama shiri a siyasa sam. Kullum rediyonsa na kan BBC, duk abin da ya faru a Ingila sai ya tofa albarkacin bakinsa, kuma da yawan ra'ayinsa yana sosa min rai. A ƙuri'ar 2016 ficewa daga Tarayyar Turai ya zaɓa daga nan Kanada, har gobe kuma bai yi nadama ba. In aka zo labarin masu tsallaka teku a ƙananan jiragen ruwa daga Faransa zuwa Ingila sai ransa ya ɓaci yace ƙasar ta cika, an lalata masa garinsu, da ya je a ziyarar ƙarshe bai gane layin da aka haife shi ba. Wata rana na kasa haƙuri nace Baba, ai kai ma baƙo ne a nan kamar yadda nake baƙo, kai ka biyo 'yarka ni na biyo abinci, waɗancan ma wani abu ne ya koro su daga gidajensu. Yace shi ba ɗaya bane, shi da takardunsa ya shigo kuma bai zo ya ci kuɗin kowa ba. Nace nima da takarduna na shigo amma har yau ana tambayata yaushe zan koma gida, kai an taɓa tambayarka? Shiru yayi ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan yace a'a ba a taɓa ba. Bai canza ra'ayi ba, nima ban canza ba, amma Lahadin da ta biyo baya ya ƙwanƙwasa min ƙofa kamar kullum.

Kuma wannan hali ba shi kaɗai ba, da yawa daga cikin 'yan Ingila mazauna waje da na haɗu dasu haka suke, basa kallon kansu a matsayin 'yan ci-rani, suna da wani suna daban da suke kiran kansu dashi mai ɗan tsafta, mu kuma a bar mana ɗayan. Abin yana min ciwo wallahi. Amma shi ya sa nake wannan rubutun, don na faɗi labarin nan a wani zama namu na 'yan gida wani ɗan uwa yace Allah shi ƙara, ai su suka mulke mu, su ɗanɗana su ji. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Mai gyaran famfon da ya shekara kusan 50 yana kwanciya a ƙarƙashin wurin wanke-wanken mutane ba shi ya ci Kano da Sakkwato a 1903 ba, kuma ko ra'ayinsa bai min daɗi ba guminsa guminsa ne. Mu da aka raine mu da cewa a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, ba a ce sai wanda bakinku ya zo ɗaya ba. Kuma wa ya fi mu sanin ciwon fansho? Wanene a cikinmu bashi da tsohon da ya sha layin tantancewa cikin rana da fayil a hammata?

Me gwamnatin Birtaniya take cewa? Cewa take tsarin ya haura shekara 70 a haka, gwamnatoci na kowace jam'iyya sun zo sun tafi basu taɓa shi ba, ita tana ƙara kuɗi ne kawai inda doka ko yarjejeniya tsakaninta da wata ƙasa ta tilasta mata, kuma gyarawa zai ci kuɗi. Toh daɗewar zalunci ai baya mayar dashi adalci. Maganar yarjejeniya kuwa, Kanada ta sha neman a zauna a gyara, Landan ce ke ƙi, kuma ɗan Kanada da ya koma Ingila da zama ana ci gaba da ƙara masa nasa fanshon daga nan. Akwai masu cewa ai sun san dokar kafin su tafi. Wasu sun sani, da yawa kuma sun ce babu wanda ya faɗa musu, Baba yace shi sai da Afrilu biyu ta wuce bai ga ƙari ba sannan ya buga waya ya tambaya. Ko da ma ya sani, zaɓin da aka bashi kenan, ko 'yarka da jikokinka ko cikakken haƙƙinka? Sannan tsohon da ya bar Ingila ai sauƙi ya yiwa baitulmalinsu, baya kwanciya a gadon asibitinsu, baya hawa bas ɗinsu kyauta, nauyinsa na kan wata ƙasa.

Tsofaffin da abin ya shafa sun gwada kotu. Wata mata Annette Carson mazauniyar Afirka ta Kudu ta ja shari'ar tun daga kotunan Ingila har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a 2010 aka yanke hukunci ba a bata gaskiya ba. Sai kuma Anne Puckridge, tsohuwar da tayi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ta dawo Kanada a 2001 tana da shekara 76 don ta zauna kusa da 'yarta, fanshonta ya tsaya a fam 72.50 a sati. A Disambar 2024 ana saura kwanaki ta cika shekara 100 ta hau jirgi har Landan tana neman ganin Firaminista Keir Starmer, bai ganta ba, ministar fansho aka haɗa ta da ita, ta dawo babu abin da ya canza. Ranar Baba ko rediyon bai kunna ba.

Maganar zaɓen Birtaniya kuwa, a da ma in ka shekara 15 a waje ƙuri'arka ta faɗi, sai a Janairun 2024 aka cire wannan dokar, bayan wani tsohon soja Harry Shindler mazaunin Italiya ya kwashe shekaru yana fafutuka, ya rasu a 2023 yana da shekara 101 kafin sabuwar dokar ta fara aiki. Amma ƙuri'ar tasu a warwatse take cikin mazaɓu 650, kowa a garin da ya baro yake jefawa, babu ɗan majalisa ko ɗaya da kujerarsa ta dogara dasu, saɓanin Faransa da ta ware kujeru 11 a majalisarta don 'yan ƙasarta na waje. Shi ya sa ɗan siyasa zai saurare su ya gyaɗa kai ya wuce.

Inda abin ya zo har cikin gidanmu shine kawuna. Shekara 30 da ɗoriya yana tuƙin bas a Landan, duk wata ana yankarsa kamar kowa, ya gina gida a Zariya tubali bayan tubali, burinsa kawai yayi ritaya ya koma ya dinga zama a ƙofar gida yana jin kiran sallah daga masallacin unguwa. Na kira shi na faɗa masa duk abin nan, nace Kawu kafin ku tattara kaya ku bincika da kyau, ranar da kuka koma gida da zama ƙarin shekara-shekara ya tsaya. Yace ɗana ai fam ne, ko nawa ne in aka canza shi zuwa naira zai ishe ni. Nace haka ne a yau Kawu, amma ku tuna kuɗin buhun shinkafa shekara 10 baya ku duba na yau, ku tuna maganin hawan jini da na suga da kuke sha kullum wanda a can sai kun saya, ga 'yan uwa da zasu taru a kanku don an san daga Ingila kuka dawo, kuma in Allah ya baku shekara 20 nan gaba duk da wannan adadin zaku yi su. Ya jima bai ce komai ba har na ɗauka layin ne ya yanke. Can yace in turo masa bayanin a rubuce zai nuna wa abokan aikinsa, akwai 'yan Gana biyu da wani ɗan Pakistan a garejinsu da duk shirin komawa gida suke, kuma baya jin akwai wanda ya sani a cikinsu.