Ciwon da hoto bai nuna ba shi ma ciwo ne

Akwai maganar da nake so mu daina faɗa wa marasa lafiya a Katsina: "An yi gwaji, an ɗauki hoto, ba ki da komai, raki ne kawai." Baiwar Allah ta shekara biyu tana fama da ciwon baya, ta sha diclofenac har ya fara cin cikinta, an yi mata maganin taifot ba adadi, ƙarshe a sallame ta da wannan magana. Daga nan sai gidan mai magani, a ce jifa ne, ɗan abin hannunta ya ƙare.

Kowane irin ciwo, ƙwaƙwalwa ce ke sa a ji shi. Jijiyoyi su kai mata saƙo, ita ta yanke ko akwai haɗari. Shi ya sa wanda aka yanke wa ƙafa kan ji zugi a ƙafar da babu ita. To idan mutum ya daɗe cikin fargaba da rashin barci, ƙwaƙwalwar takan saba da kururuwar haɗari, ta ci gaba da yi ko bayan raunin ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ware wa ciwon da ya haura wata 3 rukuni na kansa.

Ku dubi 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukan Batsari, Jibia da Safana saboda 'yan bindiga. Wanda ya kwana a daji yana sauraren ƙarar babura, ko aka ɗauke masa ɗa, ta yaya jikinsa zai saki? Kai na sara, ƙirji na bugawa, ƙugu ya riƙe. Wallahi zalunci ne a kira wannan langaɓewa.

A 2021 an wallafa wani bincike da aka yi a Boulder ta Amurka kan mutum 151 masu tsohon ciwon baya. An koya wa wani rukuni, na tsawon mako 4, su riƙa lura da zafin ba tare da firgita ba, su kuma koma yin motsin da suke gudu. Kashi 66 cikin 100 ciwon ya tafi ko ya kusa tafiya. A cikin waɗanda suka ci gaba da kulawar da aka saba kuwa, kashi 10 ne kacal. A shekarar dai Ingila ta shawarci likitocinta da kada su ɗora masu irin wannan ciwo kan ƙwayoyi dangin tramadol, su fifita motsa jiki da zama da masanin halayyar ɗan'adam. Mu da muka ga abin da tramadol ya yi wa samarinmu, wannan shawara ta shafe mu.

Hoton ma yakan tsorata mutum a banza. Kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 da ba sa jin ciwon komai, idan aka yi musu hoton MRI, za a ga faifan ƙashin bayansu ya ɗan turo.

Kada dai wani ya ɗauka ina hana zuwa asibiti. Ciwon baya mai haɗe da rama, zazzaɓi, gumin dare, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a garzaya wurin likita, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Mai sikila kuma ciwonsa daban ne, kada a ce masa damuwa ce.

Idan an bincika ba a ga cuta ba, ina roƙon likitocinmu su zaunar da mutum, su tambaye shi barcinsa da abin da ke cin ransa, su tura shi wurin masu gashin ƙashi na asibiti. Mu kuma na gida, mu daina cewa Inna ta kwanta kada ta motsa. A riƙe hannunta ta taka zuwa ƙofar gida bayan la'asar, gobe a ƙara kaɗan.