Kawu ya ce shagonsa ya karkace

Kawuna kayan fata yake sayarwa a Marwa: takalma, jakunkuna, matasan zama, irin aikin dukawan nan da garin ya yi suna da shi. Tun da labari ya kai kunnensa cewa na iya kwamfuta, ya ƙudurta sai na buɗe masa shago a intanet, don masu saye daga Kusuri da Njamaina har Yawunde su riƙa ganin kaya daga inda suke. Maganar kuɗin aiki kuwa ba ta taso ba. Ya dai kalli ƙafata ya tambayi lambar takalmin da nake sawa, na gane inda aka dosa.

Na zauna a ɗakina a Domayo na tsara abu mai kyau. Suna a tsakiya, hoton Kawu da babbar riga a dama, takalma jere a hagu, farashi da sefa a ƙarƙashin kowanne. A kwamfutata mai faɗin fiksel 1366 (ƙananan ɗigon da ake auna fuskar na'ura da su) komai ya zauna daram. Na tura wa ɗansa adireshin, na kwanta ina jin kaina wani injiniya.

Ko karin kumallo ban yi ba waya ta yi ƙara.

"Kai ɗan nan, shagon nawa ya karkace."

"Ya karkace kamar yaya, Kawu?"

"Rabin fuskata babu. Kunne ɗaya gare ni. Ko haka ka san ni?"

Da na buɗe a tawa wayar, sai na ga gaskiyarsa. Na kafe faɗin shafin a fiksel 1200, ita kuwa fuskar yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu, a lissafin CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafi da shi, ba ta wuce wajen 360 ba. Tamkar tela ne ya auna mutum ɗaya ya ɗinka riga, aka ce duk gidan har jinjiri su sa. Akwai wani layin umarni guda da ake sawa a kan shafi, wanda Apple ya shigo da shi tare da iPhone a 2007, mai gaya wa waya ta yi aiki da ainihin faɗinta. In babu shi, waya kan ɗauka faɗinta 980 ne, sai ta ƙanƙance rubutu har sai mutum ya kanne ido. Na sa layin, na mayar da awo zuwa kashi cikin ɗari, na hana hotuna wuce gidajensu, na ce in fuska ba ta kai 600 ba kaya su hau kan juna maimakon jerawa. Wannan dabarar ta shafi mai bin girman fuska wani Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya raɗa mata suna a 2010. Ban sani ba ko shi ma kawu gare shi.

Na gwada a burauzoji, wato manhajojin buɗe shafi: Chrome ya yarda, Firefox ya yarda, na ari iPhone ɗin maƙwabci Safari ma ya yarda. Na kira Kawu da fara'a.

"Yana nan a karkace," in ji shi.

Daga nan dangi suka shiga maganar, don a gidanmu ba a barin mutum ya sha wahala shi kaɗai, sai an zo an ƙara masa. Goggo, wadda ke amfani da irin burauzar nan mai tsimin data, ta aiko cewa rubutun ado da na zaɓa bai fito ba. Irin waɗannan burauzoji ba kai tsaye suke ɗauko shafi ba, sai ya bi ta kwamfutocin kamfaninsu an matse shi tukuna, abin da ya yi nauyi a zubar a hanya. Wani aminin Kawu a Garwa kuma ya ce a ofishinsa takalma sun sauko ƙarƙashin hoton, har Kawu ya zama kamar yana tsaye a kansu. Da na bincika, tsohuwar burauza ce a kwamfutarsa, wadda masu ita ma sun daɗe da sallamarta, amma shi ya rantse ba abin da zai raba su.

Wannan na Garwa shi ya fi cin raina. Gidaje biyu ne a shafin, na hoto da na takalma, kowanne na ba shi kashi 50 na faɗin, hamsin da hamsin ɗari, lissafin da ko ɗan firamare ya sani. Amma kowane gida yana da ratar fiksel 20 ta ciki hagu da dama, kuma a asalin ƙa'idar CSS wannan ratar ƙari ce a kan faɗin. Ka ga ɗari ta tashi ɗari da fiksel 80. Sababbin burauzoji da na jera wa gidajen da sabon salo suna ɗan matse su su shige, tsohuwar kuwa ba ta san salon ba, sai ta tunkuɗa na biyu ƙasa. Maganin layi ɗaya ne da ke cewa a ƙirga ratar a cikin faɗin. Layi ɗaya! Na same shi ana kiran assalatu, ga zafin Marwa, ga wuta an ɗauke, batir saura kaɗan.

Ina cikin murna Kawu ya tuna masu sayensa na Chadi, ya ce a ƙara Faransanci da Larabci. Maɓallin da na rubuta wa "Saya" ya koma jimla guda a Faransanci, ta fasa gidan ta fito waje. Larabci kuma daga dama yake farawa, duk abin da na tura hagu da hannuna ya tsaya a inda bai kamata ba. Na gyara su ɗaya bayan ɗaya, har na fara mafarkin akwatuna suna bin junansu.

"Kawu, yanzu fa?"

"Kunnen nawa dai har yanzu ɗaya ne."

Na hau moto na tafi shagon. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, don Allah nuna mini yadda kake buɗewa." Ya gyara tabarau, ya shiga WhatsApp, ya gangara can sama cikin hirarsa da ɗansa, ya danna wani hoto. Ashe tun ranar farko yaron ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura masa, kuma shi wannan hoton Kawu yake buɗewa kullum bayan sallar asuba ya ga ko na gyara.

Ban ce uffan ba. Na karɓi wayar na buɗe masa shafin na gaske. Ya daɗe yana kallo, ya ja sama, ya ja ƙasa, ya juya wayar a kwance, kayan suka sake jeruwa da kansu. Kunnuwansa biyu cif.

"To, madalla," ya ce. "Amma a wancan hotona ya fi girma. Mayar mini da shi."

Takalman ladan aikin da ya miƙo mini kuwa lamba 41 ne. Ni 44 nake sawa.