Gundule kan darbejiya ba ya hana ta faɗuwa

Da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu, magidanta da yawa a Kano kan kira masu gatari su gundule kan darbejiya ko mangwaro gaba ɗaya, wai kada iskar farkon damina ta kayar da ita kan katanga. Niyyar mai kyau ce, amma aikin ɓarna ne.

Rassan da ke tohowa daga inda aka gundule ba su da tushe a cikin itacen, a gefen ɓawo kawai suke maƙale. Suna saurin tsawo, su yi nauyi, su ne kuma iska ke fara ɓallewa. Wurin saran ba ya rufewa da wuri: ruwa ya kwanta, ruɓa ta shiga, gara ta biyo baya.

Wanda ya san sana'ar zai cire busassun rassa da masu barazana ga rufi, ya yanke kowanne kusa da mahaɗarsa, ba tare da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen ba. Zai kuma duba gindi, domin saiwar da aka sare wajen haƙa kwata ko sokawe kan jawo faɗuwa. In reshe ya taɓa wayar wuta, a fara sanar da KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano.