Ranar da na kulle wa Alhaji shago da hannuna

Sana'ata ajiye wa mutane shafukansu na intanet, wato hostin, ina da ɗan ofis a Zoo Road, daga ni sai yarona ɗaya sai fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. In 'yan uwa suka tambaye ni aikina sai kawai in ce shaguna nake bayarwa haya amma a sama, saboda da na fara bayanin saba, kwamfutar da ke ɗauke da shafi, da domen, sunan adireshin shafi, sai in ga idon mutum ya tafi Makka. Kakata har gobe ta ɗauka gyaran waya nake a Farm Centre.

To cikin kwastomomina akwai wani Alhaji mai atamfa da leshi a Kwari, mutumin kirki ne wallahi, baya riƙe kuɗin mutum, amma fa shi ne ya fara sa min furfura. Sau uku ina ƙara girman logonsa yana cewa bai fito ba, rubutu kuma ja yake so a kan kore, ya turo hotuna arba'in kowanne kusan mega takwas ya ce duk a shafin farko za a zuba su kamar yadda ake baje kaya a bakin shago, nace Alhaji mai datar ɗari biyu kafin ya ga leshi ɗaya ai datarsa ta tafi, yace wanda ba shi da data dama ba mai sayen leshi ba ne. Ban samu amsa ba gaskiya.

Babban rikicinmu shi ne kwaɗo. Ranar da na nuna masa shafin ya hango ɗan kwaɗon nan kusa da adireshi, ya ɗago ya kalle ni yace injiniya wa ya ce ka kulle min shago? Na yi ta bayani cewa alamar tsaro ce, tun 2018 Chrome ke manna gargaɗi a duk shafin da ba shi da ita, yace shi dai a kasuwa kwaɗo a ƙofa ma'anarsa mai shago baya nan. Da Google suka cire kwaɗon daga Chrome a 2023 saboda mutane na yi masa gurguwar fahimta, Alhaji da kansa ya kira ni yace ka gani ko, har Turawa sun dawo hanya.

Ni kuma inda na fi ƙarfi shi ne wa'azin sabunta domen. Saura wata guda zan fara bin mutum a WhatsApp, saura sati in kira, har wata kalma ce da ni da nake ji da ita, domen haya ce ba gado ba. Alhaji ya sha ta a bakina ya fi a ƙirga.

Ana cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da Kwari ke cika ba masaka tsinke, bayan asuba na ɗan kishingiɗa sai ga saƙon murya minti huɗu daga Alhaji, shafi baya buɗewa. Na duba a wayata ya buɗe tas, ashe tsohon kwafin da wayar ta adana take nuna min, sai na amsa da izza irin ta masana nace ranka ya daɗe netwok ɗinka ne, kashe data ka kunna. Ban ajiye wayar ba sai ga mai makaranta, sai hajiya mai turaren wuta, sai mai kayan gini, kowa da kukansa. Nace bari in leƙa nawa shafin. Me zan gani, tallace-tallace da wani rubutu a sama wai wa'adin wannan domen ya ƙare. Nawa. Na mai wa'azi.

Shekara uku na biya a jere tun farko na sa shi ya riƙa sabunta kansa, to katin naira na jona, kuma a tsakanin nan bankuna suka toshe katin naira daga biyan dala. Kamfanin da na yi rajista sun yi ta turo gargaɗi bayin Allah, amma ni da hannuna na saita imel ɗina ya riƙa watsa saƙonsu cikin jakar talla don suna damuna. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne duk shafukan kwastomomina da sunan domen ɗina ake gano inda suke, kamar yaron da ke tsaye a bakin layi yana nuna wa baƙi shago, ranar da bai fito ba kaya na nan amma ba mai isowa.

Na zo shiga in biya na manta fasuwod. Na danna a turo min sabo, suka ce an tura imel ɗinka. Imel ɗin nawa kuma a kan domen ɗin da ya mutu yake. Makullin ɗaki a cikin ɗaki kenan, na zauna ina kallon fanka tana kallona.

Sai da na yi hoto riƙe da katin ɗan ƙasa kusa da fuskata daga ni sai singileti don su yarda ni ne, na roƙi wani abokina katinsa na dala, kuɗin ma dala goma sha wani abu ne kacal, abin kunya. An biya kuma ba a nan take komai ke dawowa ba, sai labari ya zaga intanet, wani ya ga shafi wani bai gani ba har tsawon sa'o'i.

Bayan azahar ina cikin amsa waya sai ga Alhaji ya yi sallama, ya bar shago a irin wannan rana ya hawo bene da azumi a bakinsa. Yarona ya fece. Ya zauna a kujerata yace injiniya gaya min gaskiya, na gaya masa tiryan-tiryan, ya yi shiru yana jan carbi sannan yace ashe haya ce ba gado ba. Nace haka ne ranka ya daɗe. Yace maimaita, ban ji ba.

Wajen la'asar shafin ya dawo a wayarsa, ya kalla ya kalla, ya miƙo min yace tunda dai na zo, ƙara min girman logon nan. Na ƙara, ko tari ban yi ba.