Maigida, Ina Rimot Ɗin?

Tambaya ɗaya uwargida ta yi mini, kuma tambayar nan ita ta cinye mini wata huɗu cur.

Sati biyu na kwashe ina haɗa 'yar ƙaramar kwamfutar da za ta zauna a ƙarƙashin talabijin ɗin falo. Na zuba mata duk finafinan gidan da hotunan yara, na ɗora mata Kodi, manhajar kallon finafinan nan da a da ake kira XBMC kafin a sauya mata suna a 2014, na jera komai tsaf. Ranar da na gama sai na tara iyali, na kashe fitila, na yi gyaran murya. Allo ya haska, yara suka hau tsalle. Uwargida ta gyara zama, ta miƙo mini hannu ba ta ko kalle ni ba.

"Maigida, ina rimot ɗin?"

Sai a lokacin na lura ashe a durƙushe nake gaban talabijin, kibod a cinya, linzamin kwamfuta a ƙasa, kamar mai neman gafara. Na ce mata ai wannan ba irin wancan ba ne, wannan kwamfuta ce. Ta ce to idan tana son dakatar da fim ta leƙa kicin fa? Na ce sai ta kira ni. Ta ce, "Au, ashe kai ne rimot ɗin." Yara suka bushe da dariya, kuma har yau idan babban ɗana yana jin tsokana, haka yake kirana daga nesa, inda hannuna ba zai kai ba.

Washegari na sayo kibod mara waya. Kwana uku ya yi a kan mulki. A Kodi kusan kowane harafi da aikinsa: dogon madannin nan na ƙasa yana dakatarwa, X yana tsayar da fim gaba ɗaya, T yana kunnawa da kashe rubutun fassara, F kuwa yana sa fim gudu, kuma duk dannawa gudun ninkawa yake yi har sau 32. Ban san wannan na ƙarshen ba sai ranar da ɗan autanmu ya zauna daram a kan kibod ɗin. Fim ɗin da muka yi sati muna ɗokin gani, a cikin minti kaɗan muka ga wanda ya mutu, da wanda ya kashe shi, da sunayen waɗanda suka ɗauki hoto.

Daga nan na koma waya. Akwai manhaja mai suna Kore da ke mayar da waya rimot ɗin Kodi ta hanyar Wi-Fi, kuma tsakani da Allah tana aikinta. Matsalar ita ce waya ba ta san an ba ta sabon muƙami ba. Kana son rage murya, sai ka buɗe makulli tukuna, hasken allo ya dalle maka ido a cikin duhu, ga saƙon abokin aiki ya faɗo, kafin ka ankara ka amsa saƙo uku, muryar kuma tana nan yadda take. Gilashi kuma ba shi da tudu ba shi da kwari, yatsa ba ya gane hanya sai ido ya raka shi. Abin da ya kashe maganar shi ne ranar da uwargida ta kira ni ina wurin aiki.

"Abban yara, yaushe za ka dawo?"

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce lafiya dai ko, an yi kewata ne? Ta ce a'a, ka fita da rimot. Na ce ta sauke manhajar a tata wayar. Ta ce ita wayarta waya ce.

A nan ne na fara karatu haiƙan, irin karatun da ban yi wa jarrabawa ba. Na gano cewa a cikin wayar HDMI, wadda ke haɗa kwamfuta da talabijin, akwai wani ɗan zare, na 13 a jerin, wanda aikinsa kawai ɗaukar umarni tsakanin na'urori. CEC ake kiransa. Da shi rimot ɗin talabijin zai iya sarrafa abin da aka jona wa talabijin ɗin. Abin nema ya samu! Sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na cewa Anynet+, Sony na cewa Bravia Sync, LG na cewa SimpLink, Panasonic kuma Viera Link. Na lalubo nawa a can ƙuryar saituna, na kunna, na tsaya a tsakiyar falo na danna. Shiru. Na kashe na kunna. Shiru. Na sauya wayar HDMI, na sauya rami, na cire komai daga wuta na ƙirga goma. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na karanta layin da ya kamata in fara karantawa: yawancin kwamfutoci irin tawa ba sa magana ta wannan zaren sam, sai an sayo musu wata 'yar adafta ta musamman. Raspberry Pi, wannan 'yar mitsitsiyar kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda na raina na ƙi saye, ita da shi aka haife ta.

Da na sayi adaftar nan, da labarin ya ƙare a nan. Amma ido ya riga ya ga wani abu. Wani rimot ne baƙi siriri, gabansa madannai, bayansa ƙaramin kibod, cikinsa kuma akwai na'urar da ke jin motsin hannu, ta yadda duk inda ka karkata shi, kibiyar allo ta bi. Ba ya buƙatar saiti, domin da zangon rediyo na 2.4 GHz yake magana da wani ɗan tsinke da ake soka wa kwamfuta a ramin USB. Ko a ƙarƙashin bargo ka danna zai ji. Na riƙe shi ina jin kaina kamar mai ba da hannu a filin jirgin sama.

Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Da farko dai, ban taɓa sanin hannuna yana rawa ba sai da rimot ɗin nan ya tona mini asiri a gaban iyalina, a kan allo mai faɗi. Na biyu, uwargida da hannu take magana. Tana riƙe da shi tana ba ni labarin abin da ya faru da rana, kibiya tana zagaye allo kamar ƙudan da ya sha magani, kuma da yake yatsunta na kan kibod ɗin baya, kafin ta kai ƙarshen labari ta rubuta wasu haruffa a wurin bincike waɗanda babu su a kowane yare.

Na uku ya fi ba ni wahala. Wani lokaci rimot ɗin sai ya ƙi ji, ka danna sau biyar ba labari, can sai duka biyar ɗin su zo a tare. Na sauya batir sau biyu. Na zargi yara. Na zargi wanda ya sayar mini. Ashe ni ne. Na soka tsinken a maƙale da ramin da na jona ma'ajiyar finafinai, wato USB 3.0, mai shuɗin baki. Shi kuwa irin wannan rami, idan yana aiki, yana fitar da hayaniya daidai zangon 2.4 GHz, har kamfanin Intel ya fitar da takarda a kan haka tun 2012. Kamar ka zaunar da mai raɗa kusa da injin niƙa ne, ka ce me ya sa ba a jin sa. 'Yar wayar ƙari na sa na janye tsinken gefe, shi ke nan ya warke.

Da ya warke ne ma ya nuna mana halinsa.

Na saita kwamfutar yadda taɓa rimot zai tashe ta daga barci, don kada kowa ya sunkuya. Wani dare muka dakatar da fim ɗin yaƙi a tsakiya, muka kashe talabijin, muka manta da lasifika a kunne, rimot kuma a kan kujera. Ƙarfe biyu da wani abu na dare sai harbi ya ɓarke a falona. Ba harbin wasa ba, har da ihun mutane. Uwargida ta damƙe mini hannu tana salati. Ni kuma, namijin duniya, na ce ta tsaya a bayana, alhali ƙafafuna sun riga sun yanke shawarar cewa ba da su ba. Na lalubi sandar goge ƙasa, na tura ƙofa da ita, na leƙa da ido ɗaya. Falo duhu ƙirin, babu kowa, sai albarusai ke tashi ta kowace kusurwa. Da na kunna fitila sai ga kyanwarmu kwance a kan rimot tana lasar hannu. Kallon da ta yi mini da sandar nan a hannuna, har gobe ban yafe ba.

Da safe uwargida ta ajiye mini rimot ɗin a kan takalmina. Ba ta ce komai ba.

Na leƙa wajen manyan rimot masu haɗa komai da komai, na tarar kamfanin Logitech ya daina ƙera nasa mai suna Harmony tun 2021. Na tuna da rimot mai koren madanni a tsakiya na Windows Media Center, tsohuwar manhajar kallo ta Windows, na tarar shi ma gidansu ya tashi tun da Windows 10 ta fito a 2015 babu shi. Na zauna na yi tagumi. Sai a ranar, bayan wata huɗu, na yi abin da ban yi ba tun farko: na tambayi mai amfani da abin.

"Wai ke me kike so rimot ya yi?"

Ta ƙirga da yatsu. Sama, ƙasa, hagu, dama, shiga, koma baya, dakata. "Sai kuma in ji shi a hannu ba sai na duba ba. Kamar na tsohuwar DVD ɗin nan."

Na tsohuwar DVD. Yana cikin aljihun tebur shekara da shekaru, tare da matattun batura da makullan da babu wanda ya san ƙofarsu. Na zuba masa sabon batir, na saita kansa ga kyamarar wayata na danna, sai ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allon wayar. Irin waɗannan da hasken infirared suke aiki, ido ba ya ganinsa amma kyamarar waya da yawa tana kama shi. Yana da rai. Na sayo Flirc, wani ɗan tsinken USB da ake koya wa kowane rimot irin wannan, shi kuma ya je ya gaya wa kwamfuta wai shi kibod ne. Koyarwar ba ta kai minti goma ba. Tunda haske ba ya ratsa katako, na ɗauko 'yar wayar ƙarin nan na fito da tsinken gaba, inda zai riƙa ganin kujera.

Madannin komawa baya ne kawai ban samu wanda ya dace ba, sai na ba wa wani babba da ke can sama shi kaɗai, mai sauƙin lalube a duhu. Ban tsaya duba alamar da ke kansa ba.

Daren gwaji na sake tara iyali. Uwargida ta karɓa, ta danna ƙasa, ya sauka. Ta danna shiga, fim ya fara. Ta dakatar, ya tsaya cak. Ta gyaɗa kai, abin da ban gani ba tun farkon wannan tafiya. Sannan ta danna koma baya.

Allo ya koma baya lafiya lau. A ƙasan talabijin kuma sai muka ji wani gurnani, zuuu. Tsohuwar DVD, wadda ashe duk shekarun nan tana jone da wuta ba wanda ya kula, ta ji muryar tsohon maigidanta, ta turo farantinta waje a hankali. Madannin buɗe faranti na ba wa aikin.

Ɗan auta ya nuna ta da yatsa. "Abba, tana yi maka gwalo!"

Na miƙe zan cire ta daga wuta. Uwargida ta ɗaga hannu, rimot a ciki.

"Maigida, don Allah zauna. Kada ka sake taɓa komai."

Ta sake dannawa, farantin ya koma ciki. Yau wata na bakwai ke nan, kuma duk wanda ya koma baya a falon nan sai an yi mini gwalo.