Sai Ya Faɗi Za A Duba Shi Kenan?

Wallahi yau na ga ƙarshen wulaƙanci. Mahaifina na kai asibiti a duba masa na'urar daidaita bugun zuciya da aka dasa masa ƙarƙashin fatar ƙirji shekara 9 da suka wuce. Kwana biyun nan jiri yake yi, in ya ɗan taka sai haki. Batirin irin wannan na'ura tsakanin shekara 5 zuwa 15 yake yi, ka ga dole hankali ya tashi.

Muka isa teburin karɓar kati. Na yi sallama, baiwar Allah tana latsa waya. Na sake. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Injin dubawar ba ya nan."

Na ce, "Don Allah Hajiya, yaushe za a kawo shi?"

"Ranar da mai shi ya ga dama."

Sai Baba ya dafa teburin, hannunsa na rawa, ya ce, "'Yata, ki taimaka, jiri nake ji." A nan ne ta ɗago. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Haba Baba, ai ga ka tsaye da ƙafarka. Da batirin ya mutu, da ba kai za ka kawo kanka ba."

Madalla da wannan sabon ilimin likitanci! Ashe gwajin kenan: a jira tsoho ya yanke jiki ya faɗi, sannan a tabbatar batiri ya ƙare. Sa'ar jikarsa ce fa. Kuma abin da muka zo nema bai wuce 'yan mintoci ba. A ɗora masa ɗan faifai a ƙirji, kwamfuta ta karanta saura nawa. Na'urar da kanta tana nuna alama kusan wata 3 kafin ta mutu, don a samu sararin yin ƙaramar tiyata a cire akwatin a sa sabo, wayoyin su zauna inda suke. Amma wa zai ga alamar? Kowane kamfani injinsa ne kawai ke karanta tasa, ɗaya tak ake yawo da shi, shekara da shekaru muna bin sa kamar masu neman bashi.

Ita ma dai gani ta yi ba mai tambayarta. Tun 1958 aka fara dasa irin wannan na'ura, a jikin wani mutum mai suna Arne Larsson a ƙasar Suwidin, mutumin ya rayu har 2001 saboda akwai masu bibiyarsa. Mu a wannan zamanin gwamnati ta kasa ajiye injin dubawa a asibitinta, ta kasa horar da masu aiki da shi. In zuciyar ɗaya daga cikin manyan gwamnati ta ɗan tsallake bugu ɗaya, kafin asuba yana cikin jirgi. Tsofaffin da suka ƙarar da ƙarfinsu suna yi musu aiki kuwa, su zauna a benci suna ƙirga bugunsu da yatsa har mai inji ya ga dama. Allah ya isa!