Bishiyoyi masu tsarki a addinin Hindu: wacce ta tsira, wacce gatari ya ci

Duk lokacin da aka yaɗa hoton matan Indiya suna kewaya wata ƙatuwar bishiya suna naɗa mata zare, mutanenmu sukan rabu gida biyu. Wasu su yi a'uziyya su wuce, wasu kuma, musamman masu kishin muhalli, su ce ai ga addinin da ya ceci dazuzzukan Indiya. Ni Musulmi ne, ban yarda a bauta wa itace ko dutse ba, kuma ba muhawarar aƙida ce ta kawo ni ba. Ra'ayina shi ne, tsarkin da mabiya addinin Hindu suka jingina wa tsirrai ya kare wasu daga cikinsu, ya kuma jawo wa wasu halaka, kuma abin da ya raba su tambayoyi ne guda biyu: shin ibadar tana buƙatar bishiyar a tsaye ne ko a sare, kuma akwai wanda yake ganin bishiyar tasa ce har zai tsaya a gabanta?

Tulsi ce ta fi kusa da rayuwarsu ta yau da kullum. Ƙaramin tsiro ne mai ƙamshi, dangin ɗoɗɗoyar da muka sani, wanda da ƙyar yake wuce ƙugun mutum. A gidajen gargajiya akan gina masa ɗan dakali mai kusurwa huɗu a tsakar gida, a cika samansa da ƙasa, a bar alkuki a jikinsa. Da safe uwar gida, bayan ta yi wanka, takan zuba masa ruwa daga butar tagulla ta kewaya shi, da almuru kuma ta kunna 'yar fitilar kasko mai lagwanin auduga da man shanu ta ajiye a alkukin. Suna ɗaukar tulsi a matsayin abar ƙaunar abin bautarsu Vishnu, shi ya sa a watan Kartik, wanda yake faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba, sukan yi mata ado irin na amarya su ɗaura mata aure da wani baƙin dutse mai suna shaligram da ake tsintowa a kogin Gandaki na ƙasar Nepal, kuma da wannan biki ne ake buɗe kakar aure a wurare da yawa. Idan mutum yana gargarar mutuwa, ganyenta ake saka masa a baki tare da ruwan kogin Ganga, busasshen karanta kuma da shi ake fiƙe 'ya'yan carbinsu. Tsiron da ake shayarwa kowace safiya saboda ana ganin barinsa zunubi ne ba zai mutu da sakaci ba, amma mu tuna cewa tukunyar tulsi a tsakar gida ba daji ba ce.

Manyan bishiyoyin biyu su ne pipal da baniyan, dukansu dangin cediya da durumi da ɓaure. Ganyen pipal mai siffar zuciya da dogon tsini an same shi a zane a jikin hatiman Mohenjo-daro, birnin da ya yi zamani fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma a cikin littafinsu Bhagavad Gita, abin bautarsu Krishna ya ce a cikin bishiyoyi shi ne ita. A ƙarƙashinta ne mabiya addinin Buddha suka ce jagoransu ya sami wayewa a Bodh Gaya, kuma lambar girma mafi daraja ta Indiya, Bharat Ratna, wadda aka kafa a 1954, siffar ganyenta aka ba ta. Tsuntsaye sukan yar da irinta a tsagar bango ta tsiro har ta tsaga gini, duk da haka mai gida yakan ji nauyin tumɓuke ta da hannunsa. Baniyan kuwa, wadda ita ce bishiyar ƙasa ta Indiya, jijiyoyi take saukowa da su daga rassa su kafe a ƙasa su zama sababbin gangar jiki. Akwai wata a lambun tsirrai na Howrah, kusa da Kolkata, wadda aka cire ainihin gindinta a 1925 saboda cuta, kuma har yau tana raye a kan dubban jijiyoyinta. Ita ce matan aure suke kewayawa a bikin Vat Savitri, wajen Mayu ko Yuni, suna azumi suna naɗa mata zaren auduga domin neman tsawon rai ga mazajensu, suna tuna labarin Savitri wadda suka ce ta yi jayayya da mai ɗaukar rai har ta karɓo mijinta.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Ganyen bishiyar bel mai rassa uku abin bautarsu Shiva ake miƙa wa, ciyawar durva ta wani abin bautar ce mai suna Ganesh, ganyen mangwaro ana rataya shi a ƙofa ranar biki, ana fasa kwakwa idan za a fara sabon aiki, kuma haikalai da yawa a Tamil Nadu kowanne yana da bishiyarsa da ake kula da ita a harabarsa. Wadda ya kamata mu tsaya a kanta ita ce dogon yaro, wato darbejiya, domin daga can ta zo mana. A arewacin Indiya suna danganta ta da Sitala, a kudu da Mariamman, waɗanda suka ɗauka su ne masu saukar da agana da ɗauke ta, shi ya sa ake rataya ganyenta a ƙofar gidan da yaro yake kwance da ƙarambau. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta Afirka ta Yamma, ta iso Borno a shekarun 1920, yau ta cika titunan Maiduguri, kuma alhazai suna fakewa a inuwarta a filin Arfa. Babu wanda ya taɓa kunna mata fitila a waɗannan wurare, ta yaɗu ne saboda tana jure fari tana ba da inuwa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi hattara da cewa bauta ce ke raya bishiya.

Duk da haka akwai labarin da ba na iya kawar da kai daga gare shi, wato na ƙauyen Khejarli kusa da Jodhpur a jihar Rajastan. Mutanen wurin 'yan ɗariƙar Bishnoi ne, mabiya Guru Jambheshwar wanda aka haifa a 1451, wanda ya bar musu ƙa'idoji 29, daga ciki har da haramcin sare ɗanyen itace da wajabcin tausaya wa dabbobi. Bishiyarsu ita ce khejri, 'yar'uwar ƙiryarmu, kuma matsayinta a hamadar Thar kamar na gawo ne a gonakinmu: manomi yakan bar ta a tsakiyar gonar gero domin amfani yana kyau a ƙarƙashinta, ganyenta abincin raƙuma da awaki ne, 'ya'yanta ana miya da su, a shekarun yunwa kuma har ɓawonta an daka an haɗa da gari. A 1730 sarkin Jodhpur, Abhai Singh, ya aiko ma'aikatansa su saro itacen da za a ƙona farar ƙasa domin gina sabuwar fada. Wata mata mai suna Amrita Devi ta rungume bishiya ta hana, aka kashe ta, 'ya'yanta mata uku suka bi sahunta aka sare su, sannan mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyukan kewaye suna maye gurbin waɗanda suka faɗi, har adadin da Bishnoi suke riƙe da shi ya kai 363. Da labari ya isa ga sarki sai ya tsayar da aikin, ya haramta saran itace a ƙauyukansu. Tun 2013 gwamnatin Indiya ta ware 11 ga Satumba domin tunawa da waɗanda suka mutu wajen kare daji.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane ba hoton bishiya suke karewa ba. Aƙidarsu da abincinsu da abincin dabbobinsu sun haɗu a gindi ɗaya, kuma aƙidar hani ce tsantsa, ba ta neman a yanki komai daga jikin bishiyar. Har gawarsu binnewa suke yi, saɓanin yawancin 'yan Hindu. Irin wannan tsayuwa ce aka sake gani a tsaunukan Himalaya a gwagwarmayar hana saran daji ta Chipko da ta fara a 1973, inda a shekarar da ta biyo baya Gaura Devi ta jagoranci matan ƙauyen Reni suka tare masu saran katako, kuma su ma dalilinsu na farko makamashi ne da kiwo da tsoron zaftarewar ƙasa.

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar, wadda masu yabo ba sa son ambata. Itacen sandal, wanda matanmu suka sani a turaren wuta, yana cikin mafi tsarki a wajen 'yan Hindu: ana goga shi a kan dutse a shafa wa gumaka, a ɗiga a goshi, a sassaƙa shi, a jefa guntunsa a wutar ƙona gawar mai hali. Sai dai ƙamshin yana cikin zuciyar itacen da jijiyarsa ne, don haka ba a samunsa sai an tumɓuke bishiyar gaba ɗaya. A 1792 Tipu Sultan, sarkin Mysore a kudancin Indiya, ya ayyana sandal a matsayin bishiyar sarauta, Turawan Ingila suka gaji wannan doka, gwamnatin jihar Karnataka ma ta gaje ta, har ya zama ko a gonarka ta tsiro ba taka ba ce, idan kuma aka sace ta kai za a tuhuma. Me manomi zai yi? Sai ya cire ta tun tana ƙarama ya huta da fitina. Dajin kuma ya zama na ɓarayi, mafi shahara a cikinsu Veerappan, wanda ya shafe shekaru yana fasa ƙwaurin sandal da hauren giwa kafin 'yan sanda su kashe shi a 2004. Sai a 2001 Karnataka ta sassauta dokar ta bar manomi ya mallaki abin da ya shuka, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa, kuma yau manyan gonakin sandal ɗin Indiya a arewacin Ostireliya suke. Tsarki bai rage wa wannan bishiya komai ba sai ƙara mata farashi.

Haka nan ƙona gawa guda a fili yana cin ɗaruruwan kilo na itace, a ƙasar da take da mutane sama da biliyan ɗaya. A birnin Puri na jihar Odisha, gumakan haikalin Jagannath da itacen dogon yaro ake sassaƙa su, ana sabunta su bayan wasu shekaru, kamar yadda aka yi a 1996 da 2015, manyan kekunan da ake jan su a kai kuwa kowace shekara sababbi ake ƙerawa. Ko bishiyar da aka bari a tsaye ba kullum take jin daɗin girmamawar ba, domin da zarar masu ziyara sun yawaita sai a malala mata siminti har wuya, a hana ruwa isa ga jijiyarta. A Kerala, inda ake kiran kurmin ibada kavu, da yawa sun ƙanƙance bayan an raba filayen gado, aka yi wa abin bautar ɗakin bulo aka sare abin da ya rage. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san cewa kogin Ganga, da suke kira uwa, yana cikin koguna mafi ƙazanta a duniya.

Inda wannan magana take da zafi a yau shi ne yammacin Rajastan. Akwai filaye da ake kira oran, waɗanda ƙauyuka suka keɓe tun kaka da kakanni da sunan wani abin bauta ko wani waliyyinsu: ana kiwo a ciki, ana tsintar busasshen itace, amma ba a ɗaga gatari a kan ɗanye. Da yawansu ba a rubuta su da wannan matsayi a takardun filaye ba, sai aka lissafa su cikin fili marar amfani na gwamnati, aka rarraba wa kamfanonin wutar rana da ta iska a yankin Jaisalmer da Bikaner, inda Bishnoi suka yi ta zaman dirshan saboda khejrin da ake sarewa. A Disamba 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci gwamnatin jihar ta auna waɗannan filaye ta zana taswirarsu ta ba su matsayin daji. Hukuncin ya yi kyau a takarda, amma ina da fargaba a kansa. Idan ba su matsayin daji yana nufin su koma hannun hukumar gandun daji, a kafa shinge, makiyayin da kakanninsa suka tsare wurin ya koma neman izini kafin ya shigar da tumakinsa, to an ɗauko hanyar da ta cinye sandal. Kotun ta ce a saka al'ummomin wurin cikin kulawar, kuma a kan wannan sakin layi ne ya kamata a sa wa gwamnatin Rajastan ido.